Sitiyarin Motar Kakana

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ba na son zargin babba. Kawu Clive, aminin marigayi kakana, shi ke gyara tsohuwar mota ƙirar MG da na gada, a garejinsa da ke garin Ballarat. Ranar Lahadi na tarar sitiyarin katakon ya yi sumul, babu ƙunar sigarin kakana a jikinsa.

"Goge shi na yi, 'yar nan," in ji Kawu. "Yaushe kika shiga aikin ɗan sanda?"

Na sunkuyar da kai. Amma ƙunar nan rami ce, yatsana har shigewa yake yi. Ga tasa motar a lulluɓe da tamfol, abin da bai saba ba.

Washegari na zo da mai janwe don in ɗauke motata. Na ce Kawu ya yaye tamfol ɗin tukuna, in ga sitiyarin da ke cikin tasa motar.