Falle Uku a Ƙarƙashin Motar Alhaji

Alhaji Abdulfatah mai motoci, kai ka kashe min ɗa, kai ka kashe Dina matar Hezekiya, sannan ka zo gidan makoki da buhun shinkafa ka zauna a kan tabarmata kana ce min ƙaddara ce. Na san ƙaddara, na riga ka saninta. Amma da ka tashi daga tabarmar ka koma tasha, wata magana ka yi daban. Cewa ka yi Haladu ne ya yi haɗama, ya ɗauki kayan gefe a bayan idonka har mota ta fi ƙarfinsa. Wannan maganar ce ta hana ni zaman ɗaki.

Ni ce Mariya mai waina ta unguwar Congo-Russia. Ban yi boko ba. Klaudiya maƙwabciyata, wadda ta yi koyarwa har ta yi ritaya, ita ke riƙe da biro, kuma na gaya mata kada ta sassauta min ko kalma ɗaya. Haladu ɗan farina ne. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa kiran sunansa ba, "wannan yaron" nake cewa har ya yi furfura a gemu. Yau ina kiransa, tunda kowane baki ya ɗauki sunan yana jefarwa a ƙasa.

Ubansa direba ne tun zamanin da ake kwasar kuza. Bai bar masa gida ko gona ba, awo ɗaya ya koya masa. In ana lodi, direba ya durƙusa a gefen tayar baya, ya dunƙule hannu ya cusa tsakanin saman taya da gindin bodi. In hannun ya shiga ya juya, a ƙara kaya. In ya fara gogar ƙarfe, a tsaya, ko da mai kaya zai yi birgima a ƙasa. Ƙirga buhu ba ya gaya maka komai, domin kowa ya san yadda ake ɗinka wa buhun dankali hula a sama, a tura, a danna, har ɗaya ya zama ɗaya da rabi. Mota kuwa in ta ji nauyi sai ta zauna a kan sifirin ɗinta, hannu ya shaida.

'Yan dako a kasuwar Farin Gada har suna suka sa wa Haladu, Malam Dunƙule. Shi da kansa yake ba ni labari yana dariya. In ya durƙusa sai su ce, "A ba shi wuri, zai gaisa da budurwarsa." Shi kuma ya ce, "Ita dai ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Ku fa, buhu nawa kuka rantse min a kai jiya?" Shekara goma sha ɗaya yana tuƙa maka babbar motarka, Alhaji, ko akuya bai taɓa takewa ba.

A tsakiyar kakar dankali zazzaɓi ya kwantar da shi mako guda. Ranar Talata ya miƙe, ya ci waina huɗu a tsaye a gaban tandata, ya ce in rage yaji, ya tafi lodi. Bayan la'asar aka zo aka ce min ya faɗi a Hawan Kibo.

Abin da ya faru a hanya, Jabir ne ya gaya min, direban ƙaramar motarka a-kori-kura. Na same shi a asibiti da karyayyen ƙugu. Da ya gan ni ya juya fuska bango.

Na ce, "Juyo nan. Ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Ya ce, "Inna, motata ce ta mutu, mun wuce Riyom kaɗan. Kabejin Maman Yael na ɗauko, tana gaba kusa da ni." Maman Yael ita ce Dina. "Na kira Alhaji ya turo janwe. Ya ce wane janwe, ga Haladu nan a bayanka, zai ja ka zuwa ƙasan hawa, akwai makanike a can."

"Shi kuma ya yarda?"

"Da ya iso ya ƙi, Inna. Wallahi ya ƙi. Ya ce ba a gangara Hawan Kibo da lodi kuma da mota a wutsiya. Wayar a buɗe take, duk muna ji. Alhaji ya ce, wane lodi? Je ka sa hannun nan naka ka gani, ai kamar wofi kake tafiya."

Jabir ya ce Haladu ya je ya durƙusa. Hannu ya shiga ya juya, har da sauran wuri. Ya zagaya ɗaya gefen, haka. Ya miƙe ya tsaya yana kallon hannunsa, ya ce tun daga kasuwa abin ke ɗaure masa kai: bodi ya cika har sama, motar tana ja masa nauyi a ƙafa, amma ba ta zauna ba. Dina ta leƙo ta taga ta ce, "Malam Dunƙule, kabeji ba ya jiran shawara. In ya ruɓe, uwarka zan kai wa ta yi miya." Ya yi dariya, ya ɗauko sandar ƙarfe, suka ɗaura.

"A kwana ta biyu ta gangaren na ji ƙaurin birkinsa," in ji Jabir. "Ni injina a mace, birkina ya yi tauri kamar dutse, motata sai tura shi take yi ta baya. Ya danne hon bai saki ba. Ya fito da hannu ta taga yana mana alama mu dira. Ina za mu dira, Inna? Akwai bas cike da mutane tana hawowa, sai ya kai motar jikin dutse. Ni aka wurgo ni waje. Maman Yael ita ce a gefen dutsen."

Ban yi kuka a gabansa ba. Na gyara masa zanen rufa na fito.

Shekara ashirin da shida katanga ɗaya ce tsakanina da Dina. Shinkafar Kirsimeti tana tsallakowa, naman Sallah yana tsallakawa. Lokacin da gari ya rikice, a ƙarƙashin gadonta jikokina suka yi kwana biyu. Bayan maganarka ta zaga unguwa, Hezekiya ya daina gaishe ni. Bai zage ni ba. In ya fito da safe ya ga hayaƙin tandata, sai ya bi ta bayan layi, ta wajen kwata, mutum mai ciwon gwiwa. A kantin kasuwar Terminus inda nake sayen shinkafar waina na ji wata tana ce wa wata, "Ga uwar direban da ya kashe matar mutane saboda buhu goma." Jikata Rahma ta dawo daga makaranta ta tambaye ni ko gaskiya ne babanta ɓarawon lodi ne.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Hannun nan bai taɓa yi wa ubansa ƙarya ba, bai taɓa yi masa ba. Me ya sa ranar ya yi?

Na tambaya aka ce an jawo gawar motar zuwa wani gareji a Nasarawa Gwom. Na rufe tanda na tafi. Kan motar ya markaɗe, ban iya kallonsa ba. Bayan ne ya rage, a kife a gefe, cikinsa a waje. Ban san komai a mota ba, amma na san tsohon ƙarfe da sabo, shekara nawa ina kankare tanda. Sifirin falle-falle ne a jere, an ɗaure su wuri ɗaya. Inda dutse ya goge baƙin man da aka shafa, na ga waɗansu sun yi tsatsa ja, waɗansu suna ƙyalli.

Akwai mai walda a wurin, Robert. Tun da na shigo yake buga wani ƙarfe da bai buƙaci bugu ba.

Na ce, "Kai, ɗan nan, aje gudumar. Ka san ni?"

"Na sani, Mama. Sannu da haƙuri."

"Riƙe sannunka. Waɗannan masu ƙyallin, wa ya sa su?"

Ya dubi ƙofar gareji, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Mama, ni aiki ne aka ba ni."

"Ban ce kyauta ka yi ba. Wa ya ba ka?"

"Oga Alhaji ne. Lokacin da Haladu ba shi da lafiya, ya kawo motan. Ya ce in ƙara falle uku nan, uku can. Ya ce wannan direba da hannu nasa yana hana shi cika mota. Na ce oga, sifirin zai ɗauka, birki fa? Birki yana nan yadda kamfani ya yi shi, ba a ƙara masa komai. Ya ce ni mai walda ne ko direba? Ya ce in shafa baƙin mai, kada ya nuna."

"Haladu bai gane ba?"

Robert ya share fuska da gefen rigarsa. "Ya biyo nan da safe, kafin lodi. Ya ce Robert, motan ya yi tauri a baya. Na ce tsofaffi ne na canza, sabon ƙarfe ne, zai sake. Haka oga ya ce in faɗa."

Na ce, "To kai ma kana da naka kason. Amma kai yaro ne a wannan, babban nake nema. In an tara mutane, za ka maimaita?"

Ya ce, "Tun ran nan ba na iya cin abinci da kyau, Mama. Zan faɗa."

Kai ka sani, Alhaji. Ka san awon da yake yi, ka je ka lalata awon, sannan ka ce masa a waya ya je ya sa hannu ya gani. Da bakinka ka tura shi ga abin da ka riga ka ɓata.

Washegari na tare Hezekiya a bayan layi, a bakin kwatar da yake bi. Na ce, "Baban Yael, gwiwarka ba ta jin daɗin hanyar nan. Ba na roƙon ka gaishe ni. Keke Napep na tsayar, zo ka ga abu ɗaya, in ka gani ka ci gaba da gudu na."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya shiga. Muka nufi Nasarawa Gwom. Hezekiya ya yi aikin gyaran injina a ma'aikatar ruwa, ya san ƙarfe. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa farce yana bin fallen ɗaya bayan ɗaya. Ya kankare man da makullin gidansa. Ya ce Robert ya sake faɗa tun daga farko, Robert ya faɗa. Hezekiya bai tashi ba. Ya dunƙule hannunsa ya sa a saman tayar, ya juya shi, ya fitar.

Ya ce, "Maman Haladu, ni ma da zan yarda da hannun." Can ya ce, "Kin karya kuwa?"

A nan na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Mun je gidanka tare, ni da shi. Maigadinka ya ce ka yi tafiya, ga takalmanka a ƙofar falo, ga muryarka tana faɗa da wani a waya. Mun je wurin shugaban ƙungiyarku a tasha. Ya ba mu kujera, ya aika a sayo mana lemo, ya ce, "Inna, wanda ya tafi ya tafi, a bar wa Allah." Na ce masa Allah na bar wa ran ɗana, shi ya ba ni shi ya karɓa. Ƙaryar da aka ɗora masa kuwa a tashar nan aka yi ta, a kan bencin nan, kuma a nan za a sauke ta. Lemon na bar masa a kan tebur.

Kwana biyu bayan haka Robert ya aiko min cewa ka sayar da gawar motar ga masu yankan ƙarfe, za su zo da wuta su daddatsa ta su kai Kano. Na riga su isa. Na shimfiɗa ɗankwalina a kan tayar baya na zauna. Babbansu ya ce, "Hajiya, tashi, aiki za mu yi." Na ce ban je Makka ba, kada ya ɗora min, kuma in zai yanka ya fara daga ƙafata, ita ce ta fi kusa da shi. Suka yi ta kiranka a waya, suka gaji suka tafi.

Yau kwana tara ke nan. Da hantsi nake zuwa, in na tashi sallah Hezekiya ya karɓe ni, ran Lahadi da safe ni kaɗai. Tanda tana rufe. Direbobi sun fara biyowa, su durƙusa, su duba, su tafi. Jiya wani dattijo a cikinsu ya ce min motar da yake tuƙawa ma an kai ta gyara ba ya nan, zai je ya leƙa ƙarƙashinta.

Ba shinkafa nake so ba, buhunka yana nan a zaure ban kwance shi ba, ka aiko a ɗauka. Ranar Asabar ƙungiyarku take zama. Ni zan zo, Hezekiya zai zo, Robert zai zo, Jabir za a ɗauko shi a kujera. Za a kwance sifirin ɗin a gaban shaidu a kawo shi a aje a tsakiyar tasha. Ka zo, Alhaji Abdulfatah. Ka tsaya inda ka tsaya ka ce Haladu ɓarawon lodi ne, ka dubi mijin Dina, ka dubi Rahma, ka gaya musu wa ya sa falle ukun nan, da abin da ka ce a waya. In ba ka zo ba, ran Litinin ni da Hezekiya za mu ɗauki ƙarfen mu kai gaban alƙali, a can ka amsa.