Ƙofar da Ba Ta Amsa Gaisuwa

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma na san abin da ya jawo shi. Aikina kula da manhajar da ke karɓar rahoton ruwan sama daga ƙauyuka. Ƙa'idarta a rubuce take: sunan gari, kwanan wata, yawan ruwa, shi ke nan. Da can in an yi ƙari takan kau da kai. Jiya da la'asar na ɗaure ta tamau, har ina yaba wa kaina.

A mafarkin, sai ga ni a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama, kowa ya kife lemarsa yana tafe a cikinta. Ranar ɗaurin aurena ce da Ummita, ƙarfe biyu, a bayan wata ƙatuwar ƙofa. Wakilina, Kawu Tanimu, yana gefena da ƙunshin goro. In bai shiga ba, babu aure.

Mai tsaron ƙofar bunsuru ne, da tabarau da hatimi.

"Suna, gari, buƙata," in ji shi.

Kawu ya gyara babbar riga. "Salamu alaikum. Barka da aiki, ya iyali?"

Bunsuru ya buga hatimi. Nan take Kawu ya ɓace, ya koma gidansa a Gwarzo. Can sai ga shi ya sauko daga mota, a jiƙe har gwiwa.

"Kawu, don Allah kada ku gaishe shi," na ce.

"Kai Mamuda! In tsaya gaban mutum in ce 'Tanimu' kamar wanda aka kama da kayan sata?"

"Kawu, bunsuru ne fa."

"Ko bunsuru ne, ai a bakin aikinsa yake."

Na roƙe shi har ya yarda. Ya rufe ido, gumi na keto masa. "Tanimu. Gwarzo. Ɗaurin aure." Ƙofa ta fara buɗewa, har na hango tabarmi. Kawu ya sa ƙafa ɗaya, ya waiwaya. "Madalla. A gaida gida."

Hatimi ya sauka, Kawu ya sake ɓacewa.

Biyu saura minti ɗaya. Daga ciki na ji liman na tambaya ko akwai wani ango a kusa, kada a yi asarar taro. Hankalina ya tashi, na durƙusa gaban bunsuru ina magiya. Ya zaro littafin ƙa'ida daga bakinsa, ya riga ya cinye rabi, ya nuna mini shafin ƙarshe. Sa hannuna ne, tawadar ko bushewa ba ta yi ba.

"Da don ni ne, da na amsa masa," in ji shi. "Dattijo ne mai mutunci."

Sai ƙarar wayata ta tashe ni. Manhajar ta yi watsi da rahoto arba'in da ɗaya. Na buɗe na farko, daga wani mai auna ruwa: "Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Jiya an samu ruwa."