Fanshon Malam Ilu na Abijan

"Ƙara murya, Zaharaddini," in ji Malam Ilu. "Maganarmu ake yi."

Na murɗa rediyon. Ministocin ƙasashen yankinmu ne ke taro kan gyaran yarjejeniyar da ta haɗa su. Wasu na so a ba ƙungiyar ƙasashen ikon sa fansho ya bi ma'aikaci duk ƙasar da ya koma, wasu kuma sun ce kowace ƙasa ta ji da nata.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a Yakasai. Shekara ashirin da shida ya yi yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa ta Abijan, duk wata ana cirar wani abu daga albashinsa don fansho. Bayan ya dawo gida, kamfanin ya rubuto cewa ba za a biya ba sai ya je an gan shi. Sau biyu yana zuwa Abijan a kan haka. Daga nan ƙafafunsa suka kumbura, ko masallacin bakin lungu sai an riƙe shi. Da yake Faransanci nake koyarwa, ni nake karanta masa wasiƙun.

"Sun sa hannu?" ya tambaya.

"Sun ɗage zaman, Baba. Sai baɗi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. 'Yarsa Zaituna, wadda ke ciyar da gidan da keken ɗinki, ta shigo zaure da kofin ruwa.

"Baba, don Allah ka bar zancen nan. Ba ga shi muna ci muna sha ba?"

"Ba don cikina ba ne," ya ce. "Shekara tara kina sayen maganina. So nake ranar da za ki buɗe hannu, ni ma in sa miki wani abu."

Zaituna ta juya baya, ta daɗe tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Ranar Talata da hantsi ya cika. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar uku na shiga yi wa Zaituna sallama zan koma makaranta. Na tarar ta fito da tsohuwar rigar aikinsa daga ƙasan akwati, mai launin ruwan lemo, duk gwiwar hannun faci. Ta wanke ta, ta shanya a igiyar tsakar gida. Tana zaune a kan turmi, ruwa na ɗiga daga hannun rigar.