Zaren da Aka Yanke a Gaban Kyamara

Kai, Khun Wirat, kai ka miƙa wa yarinyar nan Noina almakashi. Kada ka ce min darakta ne, kada ka ce min masu kallo ne. Da hannunka ka miƙa mata, kuma yau 'yar ƙanwata Jiap tana kwance ta juya fuska ga bango, ba ta ci, ba ta iya leƙa ko bakin layi.

Ka san ni, ko da za ka yi kamar ba ka sani ba. Ni ce Pa Lamai, wato Inna Lamai, mai dafa wa ma'aikatan kamfaninka abinci duk inda aka je ɗaukar fim. Ka sha cin kwaɗon ɗanyar gwandata kana gumi kana cewa a ƙara barkono. Ban yi makaranta ba, amma ido ina da shi.

Ni na ɗauko Jiap daga ƙauyenmu a Yasothon bayan rasuwar uwarta, na kawo ta Bankok. Shekararta ashirin da biyu. Aikinta a wurinka tsayuwa ce. Tsawonta ɗaya da jarumarka Noina, sai a tsayar da ita inda jaruma za ta tsaya, a yi ta gyara fitilu a kanta har ta jiƙe sharkaf, sannan a ce ta matsa, Noina ta shigo da sabuwar hoda. Fuskar Jiap ba ta taɓa fitowa a fim ba, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba.

Ita ma Noina 'yar yankinmu ce, duk da kun hana ta magana da harshen gida. Kuna ba ta ganye a roba wai kada ta yi ƙiba. Sai ta zagayo bayan rumfata ta tsugunna.

"Pa, ɓoye ni, mai auna min ƙugu tana nemana."

Na tura mata kwandon shinkafa mai danƙo. Jiap na gefe tana fifita da murfin tukunya.

"Ji jaruma, baki duk miyar kifi. Ina ma masoyanki su gan ki yanzu."

"Ke rufa min baki, sandar fitila."

"Sandar fitilar ce ke gasuwa don ki fito da kyau, mara godiya."

Noina ta dunƙula shinkafa ta cusa mata a baki. Haka abin ya faro, ina kallo. Da Jiap ta fito daga ƙarƙashin fitilu, Noina ta riga ta ajiye mata ruwan sanyi a inuwa. Da aka yi wa Noina tsawa, Jiap ce ke daina cin abinci. Wata rana muna wanke kwanuka na ce wa Jiap, "Ke, wasa ne ko da gaske?" Ta ce, "Da gaske ne, Pa." Na ce to, ta ɗauraye da kyau, akwai sauran maiƙo.

Me zan ce? Fim ɗin naka ma labarin 'yan mata biyu ne masu son juna. Ka haɗa Noina da ɗaya jarumar, Phrae, ka ce ko a waje su riƙa riƙe hannu, su ba juna abinci a baki a gaban masoya, don a ɗauka da gaske ne. Kowa a lokeshin ya san Phrae na da saurayinta da ke jiran ta a mota mai baƙin gilashi. Wannan bai dame ka ba, tunda ya iya ɓuya.

Da bikin sabuwar shekara, lokacin watsa ruwa, muka tafi gida, Noina ta biyo mu da hula har ido. Kai ɗan birni ne, amma ka san tsofaffi na ɗaura wa yara farin zare a wuyan hannu, a kira kurwarsu ta dawo ta zauna a jiki. Ka kuma san ba a sa masa ƙarfe. Barin sa ake yi ya tsinke da kansa. Ni na ɗaura wa Jiap da Noina, daga ƙulli ɗaya, na haɗa da jan sili kamar yadda uwata ke yi. Suka durƙusa kafaɗa da kafaɗa, na ce kurwa ta zo, ta zauna, kada ta yi yawo. Noina ta yi kuka. Ta ce rabon da wani ya ɗaura mata tun tana 'yar firamare.

Da muka dawo, mai kula da sutura ta ce Noina ta cire zaren, ita kuwa ta ɗora agogo a kai. Sai masoya suka hango zaren a hoto, suka yi ta murna, wai Phrae ce ta ɗaura mata. Suka binciki hannun Phrae, babu. Sannan kamfaninka ya saki bidiyon bayan fage, ga hannun Jiap nan a gefe riƙe da lema, da farin zare da jan sili. Yaran nan ba su da aikin yi, suka buɗa hoton har suna ƙirga ƙulli.

Da kun yi shiru, da ya wuce. Amma ka zaunar da Noina kusa da Phrae a gaban kyamara, duniya na kallo kai tsaye. Muna kicin, wayar na jingine da turmi, Jiap na fere gwanda. Noina ta yi murmushi da busasshen leɓe ta ce wata ma'aikaciya ce ta daɗe tana bin ta, ta matsa sai da ta ɗaura mata zaren, ita kuma ta ji nauyin ƙi. Wani hannu ya shigo daga gefe da almakashi. Na gane zobenka, mai koren dutse. Noina ta yanke zaren. Phrae ta saƙala mata sarƙa a wurin, aka yi tafi.

Jiap ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da fere har gwandar ta kusa ƙarewa a hannunta. Sai ta ce, "Da ƙarfe, Pa. Da ƙarfe ta yanke."

Washegari mai gadi ya tare ta a ƙofar kamfani. Kafin la'asar sunanta, hotonta na katin aiki, da sunan layinmu duk suna yawo a waya. Hoton katin nan a ofishinka kaɗai yake. 'Yan mata suka zo da kayan makaranta a jikinsu, suka watsa mana jan lemo a ƙofa suna ihun ɓarauniya. Ɗaya ko sha biyar ba ta kai ba, tana kuka kamar an kashe mata uwa. Duk masu fim da suka saba kiran Jiap sun daina ɗaga waya.

Shekaranjiya da rana tsaka ɗan acaɓa ya sauke Noina a bayan gida, fuska a rufe. Na fito da taɓarya a hannu.

"Me kika zo yankewa kuma?"

"Pa, don girman iyayenki ki saurare ni."

"Kada ki sa iyayena a bakin nan naki."

Ta durƙusa a kan siminti mai zafi. Ta ce ka kira ta kai da lauyanka, ka ce in ba ta faɗi abin da aka tsara mata ba za a tsayar da fim, a sallami kowa, masu fitila, direbobi, har ni, kuma Jiap za a fara kaiwa kotu. Ka rantse mata ba za a ambaci suna ba. Ita kuma sakarya ta yarda.

Na ce, "Jiap, kin ji?"

Daga bayan ƙofa ta ce, "Ce mata ta koma, Pa. Za a neme ta."

"Jiap, ko ki zage ni ne, ki buɗe," in ji Noina. "Ki mare ni ma."

Ƙofa ba ta buɗe ba. Ta daɗe goshinta a ƙasa, har na ji haushin kaina da nake tausaya mata. Da ta tashi gwiwoyinta sun yi ja. Ban ba ta abinci ba, ban kuma kore ta ba.

Jiya na je ofishinka. Sakatariyarka ta ce kana taro, ta miƙo min jaka da riga mai hoton Noina da Phrae sun haɗa goshi. Na bar mata a kan tebur.

Kana sayar da soyayyar 'yan mata biyu a kan riga da kofi da matashin kai, ta gaskiya ɗaya ta tsiro a bayan rumfar abinci, ka sa aka tattake ta. Ko za su shirya, ko ba za su shirya ba, wannan nasu ne, ba naka ba, ba nawa ba. Abin da nake nema sunan yarinyata. Ka zauna a kujerar da ka zaunar da Noina, a kunna kyamara, ka faɗa da bakinka cewa Jiap ba ta bi kowa ba, ba ta matsa wa kowa ba. Ka kuma faɗi wanda ya fitar da hotonta da sunan layinmu.

Gobe zan dawo, kuma ba a falo zan jira ba, a bakin ƙofa zan zauna inda 'yan jarida ke wucewa. Taron nan naka dole ya ƙare. Ka fito, Khun Wirat, ka amsa.