Farashin Digirin Zunaira

Tauqir Sahib, shugaban wata cibiyar bincike a Islamabad, ya turo mata takardar ɗaukar aiki da yatsa biyu, ya koma ya jingina da kujera yana murmushi irin na wanda ya yi kyauta. Zunaira ba ta ɓata lokaci kan dogon Turancin ba, idonta ya sauka kai tsaye inda aka rubuta albashi. Rupi dubu talatin da biyar a wata. Ta sake dubawa, ko idonta ne ke yi mata gizo. Ba gizo ba ne, haka aka rubuta.

Shekara huɗu ta yi a jami'a tana karanta tsara manufofin gwamnati, kuma ba da wasa ta yi karatun ba. Mahaifinta Shabbir, mai sayar da yadi a kasuwar Raja Bazar ta garin Rawalpindi, shi ya riƙa biyan kuɗin makaranta zango bayan zango. Bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa gane abin da yake saye ba. Likita ya sani, lauya ya sani. Wannan kuwa in abokan kasuwa suka tambaye shi, sai ya ce, "Koyon yi wa gwamnati gyara take," su kwashe da dariya har da shi. Ranar da ta gama bai yi mata doguwar magana ba. "Ni ɗan kasuwa ne, beti, 'yata," ya ce. "Sai an taya kaya nake sanin kuɗinsa. Bari mu ji abin da za su taya."

To, ga tayin a gabanta, kuma ita ce za ta kai masa shi da bakinta.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne Ammi, mahaifiyarta. Jiya da aka bugo waya aka ce an ɗauki Zunaira, baiwar Allah ba ta tsaya jin ko nawa ne ba, ta aika aka sayo laddu, alewar da ake rabawa in abin farin ciki ya samu, kwali-kwali aka raba gida-gida. A layinsu kuwa, in aka ci laddunka magana ta zauna. Ba a taɓa jin wanda aka ci zaƙin aikinsa ya dawo ya ce ya fasa ba.

"Sahib," ta ce, "wannan albashin ne, ko kuɗin mota?"

Tauqir Sahib ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Ina son yarinya mai baki. Beti, ke sabuwa ce fil. Ƙwarewa za ki samu a nan. Sunan wannan wuri kaɗai a takardunki ya fi kuɗi."

"Mai shagon layinmu ba ya karɓar suna, Sahib. Na taɓa gwadawa."

"Kin san mutum nawa suka nemi kujerar nan? Masu irin digirinki sun cika Islamabad. In na leƙa taga na yi fito, goma za su hauro."

"Na sani. A layi ɗaya muka zauna muka rubuta gwajin. Amma ni kuka kira."

Ba girman kai ke ɗibarta ba, ta san yadda garin yake. Duk ofishin da mutum ya je neman aiki, takardar albashinsa ta baya za su fara tambaya, su ɗora ɗan abin da ba a rasa ba a kai, su ce sun yi ƙoƙari. Wanda ya shiga da arha, da arha zai yi furfura. Ta ga waɗanda suka riga ta gamawa, masu kai kamar me, har yau suna jan tayin farko da suka karɓa don kunya. Wannan lissafin ma ai yana cikin abin da aka koya mata.

"To, nawa kike so?" Ya tambaya kamar mai tsokanar ƙaramin yaro.

"Dubu tamanin."

Murmushin ya ɗauke. Ya juya alƙalami, ya dubi silin, ya yi dogon bayani a kan masu ba da tallafi da yadda duniya ta tsuke. A ƙarshe ya ce saboda ita ce, zai kai arba'in, kuma kada ta gaya wa kowa.

Zunaira ta shanye shayinta tas, don shayin ba shi da laifi. Ta mayar masa da takardarsa da hannu biyu, ta yi godiya, ta gyara mayafi ta fita. Ta yi tafiyarta a hankali har bakin lif, kunnenta na baya ko za a kira ta. Ba wanda ya kira ta. Sai da ƙofar ta rufe tsoro ya kama ta sosai, irin na wanda ya san ya yi daidai amma bai san me zai ci gobe ba.

A bas ɗin Metro ta tsaya a ɓangaren mata, riƙe da ƙarfe, wayarta na ta ruri a jaka. Ammi ce, da ƙannen Ammi, da maƙwabta masu barka. Ta ƙi ɗagawa. Da aka shiga Rawalpindi ba ta nufi gida ba, ta sauka ta kutsa cikin cunkoson kasuwa.

Ta tarar da mahaifinta zaune a kan dandamalin shago, ya tanƙwashe ƙafa, yana ninke wani yadi ruwan toka da wata mata ta sa aka warware ta tafi ba ta saya ba.

"A'a, ga babbar jami'a!" ya ce da ƙarfi, don maƙwabtan shago su ji. "Tun yau har an tashi daga ofis? Lallai gwamnati ta gyaru."

"Ban karɓa ba, Abbu."

Hannunsa ya tsaya a kan yadin. Ya dube ta, ya rage murya. "Nawa suka taya?"

Ta faɗa masa. Ta ga yadda maganar ta doke shi, don shi ya san abin da ya fita daga shagon nan cikin shekara huɗu, ita ma ta sani. Ta ji tausayinsa har idonta ya yi zafi, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Suka ƙara?"

"Zuwa arba'in."

"Ke nawa kika ce?"

"Tamanin."

Ya zuba mata ido. Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa abin da ya fi faɗa ciwo, wato ya ce dama ya sani. Sai ya ajiye yadin ya girgiza kai.

"Tamanin! Haba, beti. Mutum ya zaɓe ki cikin jama'a, ya kira ki har ofis, ya ba ki shayi, ya ƙara kuɗi da bakinsa, ki ce masa tamanin? Wannan ai yana so ne. Ɗari da ashirin ake cewa. Kin karyar mini da kaya."

Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye. Shi kuwa ko a jikinsa, ya matsa gefe ya ba ta wuri a kan dandamalin, inda bai taɓa zaunar da kowa ba sai manyan dillalai.

"Wani zai zo," ya ce. "In ya zo, ki fara da sama."

"To, Abbu. Ammi fa? Wa zai gaya mata?"

Ya ɗauki yadinsa ya ci gaba da ninkewa, bai ko dube ta ba.

"Ke za ki gaya mata. Ni ban yi karatun da zai kai ni nan ba."