'Yar Lifan Ta Je Birmingham

Tun ranar da Ja'afar ya miƙa thesis ɗinsa zama ya gagare shi. Ya daɗe yana kukan rashin lokaci, yanzu lokacin ya samu ya rasa inda zai kai shi. Sai ya haɗa shayi ya manta da shi har ya huce, ya leƙa taga ya kalli motocin Ardwick, unguwarsu a Manchester, ya zauna, ya sake miƙewa. Ba a sa masa ranar viva ba tukuna, wato ranar da zai kare aikin da baki. Malamar da ke duba aikinsa ta ce ya je ya huta, shi kuwa hutun ne bai iya ba.

Cikin wannan hali ya ƙirƙiro maganar Anglesey, wani tsibiri a arewacin Wales da ake shiga ta kan gada. Mijin yayarsa, Dokta Abdulhafiz, yana zaune a Birmingham, kuma yana da abokai masu manyan babura da suke fita yawo idan gari ya yi ɗumi. Ja'afar ya kawo shawarar a zaga tsibirin kaf ta bakin teku, kowa ya ce ya yi. Daga nan ya ɗauki abin ya ɗora wa kansa. Ya nemo inda za a kwana, da filin da za a tsaya a yi azahar, har ya yanke cewa a bi ta yadda teku zai kasance a hagu, don babu motar da za ta tare musu kallo. Kullum sai ya aika da sabon gyara a group, har aka daina amsa masa.

Matsalar ɗaya ce. Shi abin hawansa 'yar ƙaramar scooter ce da ya saya a hannun wani ɗalibi, mai ɗauke da jan L, alamar ɗan koyo, gaba da baya. Su Abdulhafiz "'yar lifan" suke ce mata.

Ranar Juma'a da yamma Abdulhafiz ya kira shi.

"Ja'afar, mun ɗan tattauna. Ka san da L ɗin nan ba ka da ikon hawa motorway, babbar hanyar da za mu bi. Kuma iskar bakin teku ba wasa ba ce. Me zai hana ka shiga mota tare da yayarka? Ai dole wani ya kula da kulolin abinci."

"Yaya Dokta, ni na tsara tafiyar nan fa."

"Ba wanda ya musa. Gobe bayan la'asar za mu zauna a gidana mu yi finalising. Zan faɗa maka yadda aka yi."

Ja'afar ya ajiye wayar ya shiga safa da marwa a ɗaki. Kulolin abinci! Ya buɗe taswira a waya, ba don yana neman komai ba, sai idonsa ya faɗa kan wani abu. Titin da ke bayan flat ɗinsa, A34, shi ne ya miƙe har Birmingham, shi ne ma ya zama Stratford Road ɗin da ya ratsa Sparkbrook, unguwarsu Abdulhafiz. Kuma ba motorway ba ne.

Washegari da hantsi ya ɗaura hular kwano ya kama hanya, bai faɗa wa kowa ba.

Farkon tafiyar har waƙa yake. Bai kai Stoke ba sama ta haɗe, ruwa ya tsuge. Ruwan ya shiga ta wuyan rigarsa, ya cika takalmansa. Duk babbar motar da ta wuce sai ta watsa masa ruwan titi, 'yar lifan ta yi tangal-tangal kamar za ta bi ta. A wani shataletale ya ɓata, ya zaga ya sake zagawa kafin ya gane mafita. Ya tsaya a gidan mai kusa da Stafford, yatsunsa suka ƙi buɗe zip ɗin aljihu. Nan ya yi tunanin juyawa, sai dai baya ta riga ta fi gaba nisa. Ya hau ya ci gaba, yana ta hailala haƙoransa na haɗuwa.

Yayarsa Raki ce ta buɗe ƙofa. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi abin da ya jingine a bakin titi, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Daga Manchester? A kan wannan?"

Mazan da ke falo suka fito. Injiniya Harun, wanda ya girme su duka, ya zaga 'yar lifan yana dariya har da riƙe ciki. Abdulhafiz kuwa bai yi dariya ba. Matarsa ya kalla.

"To, faɗa masa da bakinki. Ni na gaji da ɗaukar laifi."

Raki ta jefa wa ƙaninta tawul da ƙarfi. "Ni na ce a hana ka. Ni ce! Ranar da ka taso, Umma hannunka ta kama ta sa a nawa a filin jirgi. Ka gama karatu, saura ƙiris ka koma mata, sai in kira ta in ce me? Iska ta kwashe shi a Wales?"

Ja'afar ya goge fuska da tawul ɗin. Duk hujjojin da ya tanada a hanya na Abdulhafiz ne, bai tanadi ko ɗaya don ita ba.

"Yaya Raki," ya ce a hankali, "idan na ci gaba da zama a ɗakin can, shi ne zan haukace."

Harun ya gyara murya. "Hajiya, wanda ya iso nan cikin ruwan nan ai ba a ce masa bai iya ba. Ga shawara. Mu bar motorway gaba ɗaya. Shi ne a gaba, mu muna biye, ke kuma kina bayanmu a mota, idonki a kansa. Duk inda kika ga abin bai yi miki ba, ki danna hon, kowa ya tsaya."

"Za mu kwana a hanya ke nan," in ji Abdulhafiz.

"Sai mu kwana. Wa ke jiranmu?"

Raki ba ta ce ta yarda ba. Ta miƙa hannu kawai. "Kawo makullin. Yau dai ba inda za ka koma."

Ya ba ta. Aka ara masa jallabiyar Abdulhafiz da ta yi masa yawa, aka ajiye masa tuwon semo da miyar kuka. Bai kai rabi ba ya jawo waya, yana cewa tunda hanya ta canja dole a sake duba inda za a sha mai, kuma akwai wani gari kafin gadar da ya kamata a tsaya.

"Ka ci abinci, Ja'afar," in ji Raki daga kicin.

"Ina ci," ya ce, cokali a hannu ɗaya, yana nuna wa Harun taswira da ɗayan.