Kafintan da Ya Ƙera Jirgi a Jikinsa

Tun ranar da katakon rufi ya karye a ƙarƙashinsa, Kafinta bai sake hawa sama ba. Ba wani rauni ya ji ba, don a kan tulin yashi ya faɗo, yashin ne ma ya fi shan wahala. Amma daga ranar duk mai ginin da ya ba shi aiki sai ya haɗa da roƙo: "Don Allah, Kafinta, ka tsaya a ƙasa ka riƙa nuni, masu ƙaramin jiki su hau." Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a saman gidaje iska na kaɗa masa riga, yau shi ne mai riƙe tsani. Abin ya ci masa rai matuƙa, kuma ya rasa wanda zai gaya wa, don duk wanda ya kalli tumbinsa dariya ce take fara zuwa masa kafin tausayi.

Shi ya sa da ya samo zanen wani ƙaramin jirgin sama na katako mai ɗaukar mutum ɗaya, bai yi shawara da kowa ba. Ya share rumfar da ke bayan shagonsa, ya tsince katakai marasa nauyi, ya wasa zarto. Tunda an hana shi hawa rufi, to shi zai wuce ta saman rufin, kowa ya ɗaga kai ya gani.

Ƙanin matarsa bakanike ne, irin mutanen nan da ba a taɓa kawo musu shirme sun ce a'a ba. Kafin a ce kwabo ya kawo injin wani babban babur da tayoyin baro guda uku, ya ce farfela kuma Kafinta ya sassaƙa da kansa. Matar Kafinta ta leƙo rumfar, ta kalli mijinta, ta kalli ƙaninta, ta ce, "Allah ya shirye ku," ta koma ta ci gaba da wanki.

Matsala ɗaya ce. Zanen ya faɗi iyakar nauyin da matuƙi zai kai, shi kuwa Kafinta da ya hau sikelin gida sai allurar ta zagaye ta dawo inda ta taso, ta tsaya tana rawa. Dole suka tafi wajen mai sayen tsohon ƙarfe, aka ɗora shi a faifan da ake auna injin mota. Bakanike ya duba, ya sosa ƙeya.

"Yaya, gaskiya jirgin nan zai yi gudu da kai. Tashi ne dai ban yi maka alkawari ba."

A ranar Kafinta ya yi sallama da shinkafa da nama da burodi. Ya koma kabeji da kokwamba da shayi ba sukari, yana taunawa yana hararar kwanon kowa. Ya rama, ba a ce bai rama ba, amma jirgin ya fi shi sauri. Haƙarƙarin jirgi ya tsaya, wutsiya ta hau, fukafukai suna jingine a bango an gama su, shi kuwa har yanzu sai ya karkace kafin ya shige ƙofar shago.

To, Kafinta yana da wata ɗabi'a ta aiki da ya daɗe yana taƙama da ita: ba ya ƙarasa kujera sai ya zauna a kanta. Ko teburin makaranta ne sai ya cusa gwiwarsa ya ji. Da aka zo rufe mazaunin matuƙi sai ya ce ba zai bar wa takarda wannan ba, shi zai zauna a ciki a haɗa a jikinsa. Ya shiga ta gefen da ba a rufe ba, ya baje a kan kujera, ya shiga ba da umarni. Bakanike ya shafa gam mai ƙarfi, ya gitta gungumen da fukafukai za su kama ta saman cinyarsa, ya kafa zoben da ke bakin mazaunin, ya bi da ƙusoshi. Kafinta na cewa, "Ƙara ɗaya a nan. Matse sosai, ba na son ko iska ta wuce." Suka yi hira har gam ya bushe ƙam.

Sai da ya yunƙura zai fito aka gane abin da aka yi. Bakin mazaunin an yanka shi ne daidai jikin siririn mutumin da Kafinta yake fatan zama, ga shi kuma ƙaton na yanzu ne a ciki. Bakanike ya kama hammata ya ja, jirgi ya ce ƙiiii.

"Sake ni! Sake ni, za ka tsaga mini shi!"

Matarsa ta zo da gudu hannu duk kumfa. Da ta fahimci zancen sai ta je bango ta ciro zarto.

"Ajiye wannan," in ji Kafinta. "Gungumen nan shi ne ƙashin bayan jirgin. In aka yanke shi, sai dai a hura wuta da sauran."

"To a ciki za ka zauna?"

"Dama ramewa nake nema. Ranar da na fita da kaina, ranar na isa tashi."

Haka fa aka yi, wallahi. Kafinta ya tare a cikin jirgi. Aka naɗa masa bargo, aka cusa masa matashi a baya. Maganar uzuri kuwa, kujerar tana da murfi ta ƙasa, akwai bokiti, akwai labule, iyakar abin da zan faɗa ke nan, kada wanda ya ƙara tambayata. Masu kawo aiki suka riƙa zagayowa rumfa suna yi masa bayanin ƙofa da taga, yana amsawa daga ciki cikin isa. Wata tsohuwa maƙwabciya ta zo dubiya da ayaba, ta rasa me za ta ce, ta ce, "Allah ya sauke ka lafiya."

Kullum da safe sai ya zaro tef ɗin awo, ya auna bakin mazauni, ya auna tumbi. A zaune yake awon, ta saman riga da bargo, da tef na ƙarfe da ba ya kwanciya a jiki, amma je ka gaya masa. Matarsa ta sha cewa, "Maigida, ka dai gwada miƙewa mana, ka ga yadda wuyanka ya zama kuwa?" Sai ya nuna mata tef. "Saura. Ba a tura katako ramin da bai kai shi ba, tsagewa ake yi." Ta ce shi ba katako ba ne. Ya ce ta bar wa masu sana'a sana'arsu.

Da abin ya tsaya a nan, da dariya kawai za a sha. Amma akwai Auta, 'yarsu, wadda ta dawo gida da tsohon ciki saboda mijinta direban babbar mota ne, ba ya zama. Ita kaɗai ce ba ta taɓa yi wa jirgin dariya ba. Kwanakin farko ita take zama kusa da shi tana yanka masa kokwamba, tana tambayarsa yadda gari yake in an hango shi daga sama. Sai ƙafafunta suka kumbura, jiri ya fara ɗibarta, likita ya ce a bar ta a asibiti a kwance har ta haihu. Makonni suka wuce. Kullum uwar ta dawo da saƙo ɗaya: "Ta ce yaushe za ka zo." Kullum amsa ɗaya: "Ki ce mata saura kaɗan." In ta juya baya sai ya rasa inda zai sa ransa, don yana son yarinyar nan fiye da yadda yake iya faɗa, kuma ya san ƙarya yake aika mata.

Wata ranar da hantsi matar ta faɗo rumfa mayafi a hannu.

"Naƙuda ta zo da gardama. Tiyata za su yi mata. Tana ta kuka, ta ce ba za ta shiga ba sai ta gan ka."

Kafinta ya zaro tef zai auna. Ta fizge shi ta yi jifa da shi bayan katakai.

"Tura ni," ya ce wa Bakanike. "Ai yana da taya. Tura ni!"

Aka turo jirgi ba fukafukai ya hau titi, Bakanike ya kama wutsiya, matar tana gaba tana kora mutane. Masu shaguna suka fito, masu babur suka rufa musu baya suna hon. A mararraba ɗan sandan hanya ya ɗaga hannu, ya zagaya abin sau biyu yana neman lamba, ya rasa laifin da zai kira, ƙarshe ya tsayar da motoci ya sara wa Kafinta. Shi kuwa bai ga kowa ba, cewa kawai yake, "Yi sauri, yi sauri."

Maigadin asibiti ya buɗe musu ƙofa don a zatonsa sabon keken marasa lafiya ne. Sai dai ɗakin haihuwa yana saman matakala, ƙofarsa kuma ta mutum ce. Aka gwada ta gaba, aka gwada ta baya, aka kira majiya ƙarfi su ɗaga, hanci ya shiga, ciki ya ƙi. Wata nas ta leƙo rai a ɓace.

"Wai ina uban yarinyar nan? Likita ba zai ƙara jira ba."

Daga can ciki Kafinta ya jiyo muryar Auta, siririya, ta gaji, tana kiran Baba.

"Zarto," ya ce. "A nemo mini zarto."

Matarsa ta buɗe jakarta ta zaro shi. Tun ranar farko yake ciki, da shi take zuwa kasuwa.

Ya ɗora haƙoran zarto a kan gungumen da ya yi wata guda yana gogewa, ya rufe ido, ya ja. Zarto ya karkace. Ya sake ja, gwiwar hannunsa ta bugi katako, yankan ya tafi a gicciye. Kai! Ko a wannan halin Kafinta ba zai iya kallon karkataccen yanka ba, shekara da shekaru yana zagin masu yin sa. Ya yi tsaki. "Wurin nan ba ya ba hannu." Ya dafa bakin mazaunin, ya miƙe, bargo ya zame, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya fito, ya ɗaga ɗayar, ya tsaya a ƙasa ya jingina da jirgin, ya gyara tsayuwa yadda ake yi, ya ce wa Bakanike, "Riƙe mini can."

Bakanike ya buɗe baki. Matar ta buɗe baki. Nas da maigadi da masu jinya duk suka yi cirko-cirko, amma yadda zarton nan yake tafiya fes-fes ba wanda ya samu wurin sa magana. Gungume ya rabu biyu, yanka miƙaƙƙe santal. Jirgi ya yi wata 'yar ƙara, ya lotsa ta tsakiya, ya kwanta.

"Yawwa," in ji Kafinta yana haki. "Yanzu ku ciro ni."

Ba wanda ya motsa. Ya bi idanunsu ya kalli ƙafafunsa a kan siminti, ya kalli mazaunin da ba kowa a ciki, wanda yanzu ko mutum biyu irinsa za su shige su fita. Ya daɗe yana kallo. Sai ƙafafun da suka yi makonni a naɗe suka tuna ba su da ƙarfi, ya tafi luuu. Matarsa ta tare shi da hannu ɗaya. Ita kanta sai da ta tsorata da rashin nauyinsa, ta rataya hannunsa a wuyanta ta haye da shi matakala.

Auta tana kan gadon turawa a bakin ɗakin tiyata, fuskarta ta kumbura, gumi ya jiƙa mata gashi. Ta kalli mutumin da uwarta ta shigo da shi, riga na lilo a jikinsa, gemu ya cika da garin katako, sai ta leƙa bayansa.

"Mama, kin ce Baba ya zo."

Wannan ta fi masa zarton zafi. Ya durƙusa a gefen gadon.

"Ni ne, Auta."

Ta ƙura masa ido. Ta ɗago hannu ta taɓa kumatunsa da suka zube, ta gangaro kafaɗa, sai ta jawo shi ta rungume. Tun tana ƙarama take gwada zagaye shi da hannuwanta ba su taɓa haɗuwa ba. Yau suka haɗu a bayansa har da saura, sai ta fashe da kuka.

"Baba, me ka yi wa kanka?"

Hawaye kawai suke bin garin katakon da ke fuskarsa.

"Ki shiga ki fito," ya ce da ƙyar. "Ina nan bakin ƙofar nan, ba inda za ni."

Nas ta ce lokaci ya yi. Aka fara tura gado, shi kuma ya bi shi da rarrafe yana riƙe da hannun 'yarsa, har sai da nas ta sunkuya ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.